Inda Alhaji Gimba Ya Sauke Mu

Wari ne ya fara yi mana maraba. Ina tura ƙofar ɗaki mai lamba bakwai ya buge ni a fuska, warin katifar da ta sha danshi ba ta taɓa ganin rana ba, haɗe da na giyar da ta kwana da wani turare mai hawa kai. Kyankyasai biyu suka sauko daga bango a natse, suka shige ƙarƙashin gado. Na ja bakin gyalena na toshe hanci.

Inna kuwa tsayawa ta yi a bakin ƙofa da ƙunshinta a ka, ta ɗaga ido tana kallon fanka.

"Alhaji, wannan ai ya yi yawa," ta ce. "Da ka bar mu a ɗakin matarka Zuliha, tabarma ma ta ishe mu."

Alhaji Gimba ya yi dariya, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa. "Haba Hajaratu. Matar Malam Isma'ila guda in shimfiɗa mata tabarma? Fatakwal ɗin da kika sani ba ita ce wannan ba. Yanzu zamanin fetur ne, babban baƙo a otal ake sauke shi. Ga teku kuna kallo, ga iska. Ku huta, ku wanke gajiyar jirgi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai mu zauna da dattawa a yi maganar gida."

"Allah ya bar zumunci," in ji Inna.

Shekara takwas rabonmu da Fatakwal. Ina aji huɗu rikici ya tashi, muka gudu Funtuwa da abin da ke jikinmu, muka bar gida mai ɗaki biyar da Baba ya gina a unguwar Borokiri da cinikin albasa da wake. Da yaƙi ya ƙare mutane suka fara komawa, amma shi ciwo ya riga ya kwantar da shi. Sai ya damƙa takardar gidan a hannun amininsa Gimba, wanda suka yi shekaru suna cin abinci kwano ɗaya, ya ce ya riƙe masa har ya samu sauƙi. Bai samu ba. Bara ya rasu. Inna ta gama takaba ta aika saƙo sau uku, babu amsa. Kawuna kuma ya fara zancen ɗansa zai yi aure, yana kallon ɗakin gidansa da muke ciki ni da Inna da ƙannena uku. Shi ne Inna ta ce za ta je da ƙafarta ta karɓi gidan marayunta. Ta ɗauke ni saboda ban manta buroka ba, Turancin kasuwa da ake yi a can.

Otal ɗin bene ne, rabi siminti rabi katako, a ƙarshen titi daidai inda ƙasa ta ƙare ruwan gishiri ya fara. Tsakiyar damina ce. Ɗakuna goma sha biyu, babu kowa sai mu.

* * *

Da gari ya waye na ga tekun da Alhaji ya ce za mu kalla. Ruwan ya janye ya bar baƙin taɓo mai ƙyalli, kamar an shafe shi da man inji. Matattun kifaye a kwance ciki sama, gwangwanaye, tsummokara, da wani kumburarren kare da ungulu uku suka kewaye. Bayi ɗaya ne a gidan, a ƙarshen baranda, an kafa shi a kan sanduna bisa ruwan. In ka tsuguna kana hangen ƙaguwoyi a ƙasa suna jira. Na fito na yi ta tofar da yawu har maƙogwarona ya bushe.

Inna ba ta yi ƙorafi ba. Ta nemi tsintsiya ta share ɗakin, ta ce in taya ta mu ɗaga katifa. A ƙarƙashinta na tarar da curin gashin kanti da wani ɗan kamfai ja. Na yi sauri na dunƙule su na cusa a bayan kabad. A jikin ƙofa ta ciki kuma akwai kalanda mai hoton wata mace babu komai a jikinta sai sarƙa. Na ciro ta na ninke kafin Inna ta juyo.

Na sauka neman ruwan alwala, na tarar da mai gidan. Madam Boma ake ce mata, ƙatuwar mace mai lofe a baki, tana zaune a bayan kanta tana korar ƙudaje daga bakin kwalabe. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Small girl, na who carry una come here?"

Na ce Alhaji ne, aminin babana.

Ta cire lofen daga baki. Ta ci gaba da buroka a hankali, yadda ba abin da zai wuce ni. "Damina ce shi ya sa kika ji shiru. Jiragen kamun kifi suna ɗaure, ma'aikatan fetur ba sa saukowa, 'yan matana sun tafi ƙauye ganin iyayensu. Bari ruwa ya ɗauke, ki zo ki gani. Kujerun can na baranda ba sa hucewa, a nan suke zama suna kiran maza. Shekarata goma sha ɗaya a gidan nan, mutanenku suna zuwa, ba na ƙarya, har masu manyan riguna. Amma ba wanda ya taɓa kawo min mace mai carbi." Ta miƙo min buta. "Tell your mama."

Na hau matakala. Na tarar da Inna ta baje tsarabar da ta kawo a kan zane tana kasawa: daddawa, kuka, kilishi, man shanu a 'yan kwalabe.

"Wannan na Zuliha ne, ita ce babba. Wannan na matar liman. Wannan na Sa'a mai koko, in tana raye. Ke, me kika tsaya yi a ƙofa kamar an dasa ki?"

"Inna, gidan nan..."

"Me ya same shi?"

Da wace kalma zan faɗa? Ni da ko sunan wando ban taɓa ambata a gabanta ba. Ni da ita ba ma haɗa ido, ko sunana ba ta kira, ni ce 'yar fari. Kalmar ta zo har bakina, na ji ɗacinta a harshe, na haɗiye.

"Akwai sauro," na ce.

"Sauro a Fatakwal shi ne labari? Zo ki ƙulle min wannan."

* * *

A garinmu in baƙo ya sauka, kafin ya kwance kaya kwanukan abinci sun fara shigowa, mata suna sallama ɗaya bayan ɗaya. Litinin ta wuce babu wanda ya zo. Direban Alhaji ne kawai ya ajiye burodi da kifin gwangwani wajen Madam, ya juya ko hawa bai yi ba.

"Ruwan nan ne ya hana su," in ji Inna. "Ko kuma sun zo ba su gane ɗakin ba. Gida ɗakuna barkatai haka."

Ranar Talata ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta mai ganye, ta sa kwalli. Ta ce ba a tarbar mutane da fuskar makoki shekara guda bayan rasuwa. Sannan ta fita baranda, wadda ke kallon titi, ta zauna a ɗaya daga kujerun nan domin duk wanda ya zo nemanmu ya hango ta.

"Inna, ki dawo ciki. Feshin ruwa zai taɓa ki."

"Zafi nake ji. Ke dai shiga, kin cika ɓuya."

Titin shi ne hanyar bakin ruwa inda ake sauke kaya daga kwale-kwale, Hausawan unguwa suna bin sa safe da yamma. Ina bayan labule ina leƙe. Da hantsi wani dogon mutum ya taho da tire a ka. Inna ta miƙe ta dafa ƙarfen baranda.

"Malam Yero! Ashe kana nan da rai? Hajaratu ce ta gidan Malam. Hawo mana mu gaisa."

Yero mahauci ne, shi yake yanka mana ragon layya a da. Ya ɗaga kai ya gan ta. Ya dubi allon otal ɗin, ya sake dubanta, sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri har tirensa yana karkacewa.

"Tsufa ya taɓa masa kunne, bawan Allah," in ji Inna, ta koma ta zauna.

Ta kira Gwadabe mai tireda ma, ranar da washegari. Shi tsayawa ya yi ya washe baki, ya daɗe yana kallon sama kafin ya wuce. Duk lokacin da ta ɗaga murya sai in ƙara ɓuya a bayan labule. Ina cewa a raina, yanzu zan fita in faɗa mata, bari dai wannan mutumin ya wuce. Ya wuce, wani ya taho.

Ranar Laraba kilishi ya yi fumfuna, daddawa ta fara tsatsafo da ruwa. Inna ta zauna da wuƙa tana kankarewa.

"Ko mu taka mu je gidan Zuliha?" ta faɗa kamar da kanta take magana. "Ai ban manta hanya ba."

"Mu je, Inna. Mu je yanzu. Mu ɗauki kayanmu ma gaba ɗaya."

Ta dube ni da mamaki, don ba ta saba jin na yi magana da sauri haka ba. Sai ta girgiza kai. "A'a. Mutum ya kashe kuɗinsa ya sauke ka, ya ce ka jira, sai a gan ka da kaya a ka kana yawo a gari? Cewa za a yi mun raina masaukinsa. Kunya za mu ba shi. Juma'a ai jibi ce."

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko, farar Fijo ta zo ta ɗauke mu. Hanyar ta bi ta gaban gidanmu. Da ban ga rijiyar ƙofar gida ba da ban gane shi ba. An yi masa shuɗin fenti, an sare mangwaron da Inna ta shuka. A tagar ɗakin Baba an liƙa injin sanyaya ɗaki yana ɗigar da ruwa a bango. Hulunan kwano masu ruwan ɗorawa da takalman roba na ma'aikatan fetur suna jere a dakali, wasu ƙarti biyu ba riga suna karta. Inna ta ɗora tafin hannunta a gilashin motar. Direba bai rage gudu ba.

A zauren Liman Ma'aruf aka zauna. Maza kusan goma a kan tabarmi, mu kuma aka ba mu wuri a soron ciki, bayan ƙofa, inda za a ji muryarmu ba a gan mu sosai ba. Aka gaisa, aka yi wa Baba addu'a.

"Babu mai musun gidan nan na marigayi ne," in ji Liman. "Ni na yi addu'a ranar da aka haƙa harsashinsa."

Na ji Inna ta sauke numfashi.

"Abin da ya tara mu shi ne, a hannun wa za a sa dukiyar marayu. Alhaji, bismilla."

Alhaji Gimba ya yi gyaran murya. "Allah gafarta Malam, wannan amana nauyi ce a wuyana. Da so samu ne in sauke ta yau in huta. Amma akwai abin da kunnena ya ji a kwanakin nan wanda bakina ba zai iya maimaitawa ba, saboda wanda ke cikin ƙasa. Ga Yero nan."

Yero bai ɗaga kai ba. "Ni dai ranar Talata na wuce da hantsi. Tana zaune a sama, a kujerun nan da aka sani, da kwalliya. Ta kira sunana, ta ce in hawo."

Wani ya yi a'uziyya.

"Ni sau biyu aka kira ni," in ji Gwadabe.

"Kai ma Gwadabe? Da waɗannan haƙoran naka?" wani ya faɗa daga gefe. Dariya ta so ta ɓarke, Liman ya buga carbinsa a buzu.

"Gaisuwa ce, Malam," in ji Inna. "Mutanen da na sani ne, shekara takwas ban gan su ba. Laifi ne in gaishe su?"

"Hajaratu, kin san ko gidan mene ne kike ciki?"

"Otal ne. Inda Alhaji ya sauke mu."

"Kwana ɗaya na ce su yi," Alhaji ya karɓe, muryarsa a sanyaye. "Jirgi ya iso da yamma, gidana ana fenti, na rasa yadda zan yi. Washegari na aika mota ta kwaso su. Direba ya dawo ya ce min sun ce wurin ya yi musu."

"Alhaji," in ji Inna.

"Otal," Gwadabe ya faɗa ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji. "Gidan karuwai dai."

Inna ta daina motsi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba haka aka yi ba. Cewa ya yi mu zauna har Juma'a."

"Yarinyar ce?" in ji Liman. "Matso kusa da ƙofa. Ma'u ko? Ke a nan aka haife ki, kina jin yarensu. Zan tambaye ki, ki ji tsoron Allah. Ke kin san ko wane irin gida ne?"

Na dubi ƙasa. Akwai wata tururuwa tana jan ƙwayar shinkafa a kan daɓe.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar Litinin. Mai gidan ta faɗa min."

"Kin gaya wa mahaifiyarki?"

"A'a."

"Me ya hana ki?"

Maza goma suna jira in faɗi abin da na kasa faɗa wa mace ɗaya a ɗaki.

"Allah sarki," in ji Alhaji. "Kada a matsa mata, Malam. 'Ya ai ba za ta tona uwarta ba. Amma wace 'ya ce za ta san haka ta kwana huɗu ba ta faɗa ba?"

Inna ta juyo ta dube ni. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba sai ranar.

Liman ya daɗe yana jan carbi. "Ko ta sani ko ba ta sani ba, Allah ne masani. Amma magana ta riga ta zaga gari, kuma dukiyar maraya ba a sa ta inda ake da shakka. Gida ya ci gaba da zama a hannun Alhaji har yara mazan su kawo ƙarfi. Alhaji, ka riƙa tunawa da su."

"Da yardar Allah," in ji Alhaji. "Har tikitin komawa na riga na sa an yankar musu, na gobe."

Aka shafa fatiha. Inna ma ta ɗaga hannu ta shafa.

* * *

Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi, da na ji sauƙi. Muka fito ta ƙi shiga motar, ta gyara ƙunshin tsarabar da ta riƙo tun daga otal, ta kama hanya ina bin ta a baya.

"Inna, ina za mu?"

"Ba a barin gari ba a yi wa mutane sallama ba."

Gidan Alhaji Gimba ya zama bene. Babu warin fenti ko kaɗan. Daga tsakar gida na hangi ɗakuna biyu a buɗe, da gadaje a gyare, babu kowa a ciki. Muka yi sallama sau uku kafin Zuliha ta fito. Haihuwarta uku Inna ce ta karɓa, ita ta yi mata wankan jego. Ta yi ƙiba, ga haƙorin Makka. 'Yan matanta biyu suka leƙo, ta daka musu harara suka koma.

Ta ɗauko wata tabarma ta shimfiɗa mana can kusa da zaure, gefen makwarara. Ta kawo ruwa a gwangwanin madara. Ita ta tsaya a tsaye.

"Sannunku da zuwa. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa. Ya yara, Zuliha? Awwalu ya girma ko?"

"Yana nan." Ta dubi ƙofar ɗakinta, ta rage murya. "Ni wallahi ban san kin iso ba, Hajaratu, sai da zancen ya iso. A gidan suna na ji. Ki ce kina gari kwana biyar, a can? Da girmanki? Ga 'ya budurwa a gabanki?"

"Mijinki ne ya kai mu."

Na ga Zuliha ta gane, don idonta ya sauka ƙasa ya daɗe bai tashi ba. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"To, ni ban san wannan ba. Harkar maza ce."

Inna ta kwance ƙunshi ta tura mata kasonta, har da na matar liman da na Sa'a mai koko, ta ce a miƙa musu. Ta miƙe. "Gobe za mu koma. A yafe mu."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Zuliha. Ba ta raka mu ba.

Muna shiga zaure ruwa ya sauko da ƙarfi, dole muka tsaya a bakin ƙofar waje muna jira ya tsagaita. Ba mu da inda za mu sai ɗaki mai lamba bakwai. Ina so in ce Inna ki yafe ni, ina ta juya maganar a baki, sai muka ji ƙarar bokiti daga cikin gida, sannan ƙarar buroshi.

Na leƙa. Zuliha ce da kanta, ta durƙusa cikin ruwan sama, ta take gefen tabarmar da muka zauna a kai, tana dirzar ta da sabulu iya ƙarfinta.

Makwararar gidan ta ƙarƙashin zauren take fita. Farin kumfa ya biyo ta, ya fito ta bakin ƙofa, ya nufo ƙafafunmu. Inna ta dube shi. Ta ɗage bakin zanenta, ta matsa gefe, ta ba shi hanya.